Na Ce Su Jira Ruwa Ya Janye

Tun da na dawo daga bakin teku ban ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali a rumfar Ɗan'ige ba. Da na zauna sai wani ya jawo benci kusa. "Malam Isa, wai da gaske ba a ganin wancan gefen?" Wani ya ce, "Kifin can ya kai jaki?" In na amsa a taƙaice, su ce tun da na ƙetare iyaka na fara ɗaga hanci. Ba ɗaga hanci ba ne, jama'a. Labarin ne ya fi ƙarfin kofi ɗaya, kuma akwai wurin da in na zo muryata ba ta fita. Shi ya sa na rubuta shi. Mai iya karatu ya karanta wa sauran, ku bar ni in sha shayina.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Mahaifinmu, Malam Haruna na Kebbe, malami ne mai zaure, amma da rani yakan bi 'yan'uwanmu masu shanu zuwa kudu, yana yi musu limanci a hanya yana kuma sayar da 'yan bijimansa. Tafiyarsa ta ƙarshe da ƙanena Sanda ya yi ta. Suka wuce Ikko, suka wuce Kwatano, har wani garin masunta inda Hausawa ke da unguwa da suke kira Zangon Kwakwa. Can ciwon ciki ya kama shi, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa, can aka binne shi. Sanda ya zauna, ya zama dillalin dabbobi, ya yi aure. Ni ne babba, ni na gaji zauren, daga baya na samu aikin koyar da Larabci da addini a firamare nan Tambuwal. Littattafan Malam dai suna Kebbe cikin akwatin ƙarfe a ɗakin Inna, ba ta yarda su bar ɗakin. Kowane rani takan fito da su ta shanya a tabarma saboda gara, tana juya su takarda-takarda. Ita ma ɗiyar malamai ce, wurinta matan unguwa ke biya karatu.

Shekara uku kafin tafiyata wani direba ya kawo takardar Sanda Kebbe, rubutun ajami. A zaure na karanta ta. Ya ce teku tana cin garinsu, ta ci layin gidaje guda, yanzu ta doshi maƙabartar zango. Mutane sun fara tone nasu suna mayarwa sabon wuri a tudu. Shi ba zai taɓa kabarin Malam ba sai da izinina, tunda ni ne babba, ni ne kuma na yi karatu.

Wallahi murmushi na yi. Ni da na girma a bakin gulbi za a gaya wa halin ruwa? Kowace damina gulbi kan hau fadamarmu, wata shekarar har ya taɓa gindin tsamiyar maƙabarta, mata su yi ta salati, da kaka ta yi ya tattara ya koma ya bar mana laka mu dasa albasa. Ban tashi daga wurin ba sai da na rubuta amsa. Na ce kada ya kuskura, tone mamaci ba wasa ba ne, su yi haƙuri su jira rani ruwa ya janye. Ban buɗe littafi ko ɗaya ba, ban tambayi kowa ba. Takardar Sanda kuwa na soke ta cikin wani littafin Malam na mayar akwati. Ban gaya wa Inna ba, wai kada hankalinta ya tashi a kan banza.

Sanda ya ƙara aiko takarda ɗaya ta gaisuwa, daga nan shiru. Ni ma ban damu ba, domin lokacin kaina yana wani wuri. Shekarun nan ne da kuɗin mai suka zubo, aka ba mu jiharmu ta Sakkwato, aka ƙara albashi, kowa na sayen babur da rediyo. Na sayi nawa babur ja, ina zagaya Tambuwal da shi kamar ni na ƙera shi.

Bana da hutun makaranta na je Kebbe gaida Inna. Bayan na sha fura ta ce, "Isa, shirun ƙanenka ya yi yawa. Ina so ka tafi ka gano mani shi." Na ce to. Sannan ta ce, "Kuma ka tsaya bisa kan Malam ka yi mashi addu'a. In ka dawo ka gaya mani, wurin da shike kwance akwai inuwa?" Na ce in sha Allahu, Inna. Ta ɗaure kuka da daddawa da yaji a ƙaramin buhu, ta ce in kai wa matar Sanda, ita ma ta san abin da mijinta ya girma a kai.

Tsakiyar rani na tashi, lokacin da akuya ma ke ƙetare gulbinmu ba ta jiƙa ciki ba. Mamman na Jabo, mai fataucin albasa, shi ya samo mini wuri a gaban motar da ya yi wa lodi. Wanda ya san Mamman ya san bakinsa ba ya hutu. Tun daga Jega ya fara ba ni darasi: kada in nuna wa kowa aljihuna, kada in yi gardama da mai sayar da abinci, kuma duk miyar da na ga ta yi ja in gaishe ta daga nesa. Muka wuce Koko, muka wuce Yawuri. Hanya ko'ina ana aikinta, ga tankokin mai suna haurowa arewa ɗaya bayan ɗaya, ga motocin siminti, hayaƙi har ka ji ɗacinsa a maƙogwaro. Mamman ya leƙa taga ya ce, "Ka ga arziki shina tafiya da ƙafarshi, Malam." Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

A gadar Jabba muka yi rabin yini, domin jirgin ƙasa da mota gada ɗaya suke bi, sai ya wuce ake ba ku hanya. Nan na ga kogin Kwara, na tsaya ina kallo, na ce wa Mamman ai teku ba za ta wuce haka da yawa ba. Dariyar da ya yi har hularsa ta faɗi.

A Ilori na fara jin kunya. Muka shiga rumfar wata mata, aka kawo mini tuwo baƙi ƙirin. Na tura mata na ce ya ƙone. Af! Matar nan ta riƙe ƙugu ta yi ta zuba mini Yarabanci, 'yan rumfa na ta ƙyaƙyatawa. Ashe haka tuwon garin doyarsu yake, amala sunansa. Don in wanke kaina na gutsura na dangwala miyar nan da aka ce in gaisa da ita daga nesa. Loma biyu na cire hula, loma uku hawaye. Matar da kanta ta kawo mini ruwa tana shafa bayana, mu da a gida mace ko hannu ba ta ba ka.

Ikko ba zan ce na gan ta ba, bayan motar gabanmu na gani, domin daga hantsi zuwa la'asar muna cikin gosulo. Muka sauka a Agege gidan wani Alhaji mai saukar da fatake. Mu tara a ɗaki. Kwana uku a kan albasa ba wasa ba ne, sai sauran baƙi suka yi shawara cikin ladabi suka ba ni wuri bakin ƙofa, wai malami ya fi buƙatar iska. A nan muka rabu da Mamman. Ya raka ni tasha ya ce, "Ka gaida tsoho." Kabarin yake nufi.

Kan iyaka aka ce ina katin allurata. Ban san da shi ba. Aka kai ni wata rumfa aka soka mini allura a dantse, aka ba ni takarda mai ruwan ɗorawa. A ɗaya gefen ba Hausa ba Turanci, sai Faransanci. Wata Bazabarma mai sayar da burodi ita ta tsaya mini tafinta. Ma'aikacin ya kwance buhun Inna ya sunsuna daddawa, ya ja da baya ya tambaya ko wani abu ne ya mutu a ciki. Matar ta ce masa kayan miya ne. Bai yarda ba, ya kwance ƙullin yaji ya cusa hanci. Atishawa bakwai na ƙirga. Da hannu ya yi mini alama in kwashe kayana in ɓace masa da gani.

Bayan Kwatano na fara hango wani abu shuɗi tsakanin itatuwan kwakwa, na ɗauka sama ce ta sauko ƙasa. Da la'asar sakaliya na isa zango. Sanda ya fito da gudu ya durƙusa, "Yaya Malam! Yaya Malam!" Na ɗaga shi na ga furfura a gemunsa, shi da na girma da shekara shida. Matarsa Hajara, haifaffiyar can, ta kawo ƙullun masara dafaffe a ganye da soyayyen kifi. Da ta kwance buhun Inna, Sanda ya ɗauki daddawa ɗaya ya riƙe a hanci, ya juya mana baya ya daɗe. Aka kawo shayi na kurɓa na ji gishiri. Na ce ko Hajara ta yi kuskure ne. Ya ce a'a, rijiyar ce ta juya tun bara waccan, ruwan sha sai an ɗebo daga tudu, na yau ya ƙare.

Na ce ya kai ni wurin Malam. Bai kalle ni ba. Ya ce, "Sai gobe da safe, in ruwa ya sauka." Da na ji kalmar nan, sauka, sai wani daɗi ya ratsa ni. A raina na ce, to ba ga shi ba.

Da safe muka fita. Ku masu tambayar yadda teku take, abin da ya fara dukana ƙararta ce, ba ta yin shiru ko na numfashi ɗaya. Na cire takalmana na ajiye a busasshen yashi, yadda muke yi a bakin gulbi, na matsa in taɓa ruwan. Ban ankara ba wata igiyar ruwa ta zo ta wuce ni har gwiwa, da ta koma ta tafi da ƙafa ɗaya. Sabon takalmi. Masunta da ke jan taru suka yi ta dariya. Su ma suna da irin gayyarmu: duk wanda ya zo wucewa ya kama igiyar taru ya ja, in an fito da kifi da rabonsa, ba a tambayarsa ko ɗan wane ne. Suka yafito ni in zo in kama, Sanda ya ce musu ba yau ba.

Muka bi gaɓa, ni da takalmi ɗaya a hannu. Ruwan kuwa yana ja da baya a gaban idona, yashi jiƙaƙƙe yana fitowa fili guda. Ban iya riƙe bakina ba. Na ce, "Sanda, ka gani? Ba na gaya maka ba? Ga shi nan yana janyewa."

Ya tsaya. Ya ce, "Yaya, wagga sauka ta yini ce. Sau biyu take yi kullum. Kafin azahar duk inda muke tsaye ruwa ne." Sannan ya miƙa hannu cikin teku. Can na ga kututturan kwakwa baƙaƙe suna leƙowa in igiya ta wuce, da guntun katangar bulo da gansakuka ya rufe. Ya ce, "Ka ga katangar can? Ta maƙabarta ce. Ƙirga kututture daga dama. Ɗaya, biyu, ukku. Daga na ukkun taku goma sha biyu, can Malam yake."

Wurin da ya nuna, ko a wannan saukar, ruwa ya kai ƙirjin mutum.

Na ce, "Yaushe?"

Ya ce damina biyu da suka wuce. Kowa ya ɗauke nasa, har liman ya zo gida sau biyu yana yi masa magana. "Kabari fuɗu sunka rage. Ukku ba a san danginsu ba. Na fuɗun namu ne." Ya ce ya yi ta cika buhuna da yashi yana jerawa, ya kwaso duwatsu a amalanke. Sai aka yi kwana uku teku na hauka. Safiyar da ta lafa ya zo bai tarar da buhu ko ɗaya ba, bai tarar da ƙasar ba ma. Ya ce sau da yawa ya ɗauki alƙalami, ya rasa yadda ake rubuta wa uwa irin wannan.

Abin da na yi a nan shi ne ya fi komai muni a tafiyar. Ihu na yi masa. Na ce, "Kai wane irin mutum ne? Kana gani da idonka! Me ya hana ka saɓa mini?" Sanda bai ɗaga murya ba. Ya sa hannu a aljihun ciki ya fito da wata takarda da ta sha ninki har ta fara rabewa, ya buɗe mini. Rubutuna ne, kyakkyawa, irin wanda nake alfahari da shi. Ya ɗora yatsa ya ce, "Kai kac ce kada in kuskura, Yaya. Har layi ka ja ƙarƙashi."

Na ja layin, ina tunawa. Na shiga ruwa iya idon sawu na ɗaga hannu in yi addu'a. Ni da nake ja wa mutane addu'a a kowace jana'iza, Fatiha kaɗai na iya kaiwa ƙarshe.

Kwana biyu ban iya cin abin kirki ba. A rana ta uku Sanda ya kai ni wurin Baba Sidi, wani tsoho haifaffen zango wanda ya yi shekaru a tashar jiragen ruwa yana karanta wa injiniyoyi sandar awon ruwa safe da yamma. Ni abin da nake nema wani ya ce mini tsautsayi ne na shekara ɗaya, wanda ba mai iya hangowa. Na ce, "Baba, yaushe teku za ta koma inda take?"

Ya ce, "Ɗan malam, zauna." Ya cika butar shayi da ruwa har baki, ya ɗora a gawayi, ya ce in sa ido. Tun ruwan bai yi kusa da tafasa ba ya fara tsiyayowa ta baki yana kashe garwashi. Ya ce, "Na ƙara ruwa?" Na ce a'a. Ya ce, "Ruwa in ya ji ɗumi kumbura yake yi. Tekun nan buta ce babba, kuma masanan da suka riƙa zuwa wurin aikinmu suna cewa duniya tana ɗumama."

Sannan ya leƙa waje ya karɓo guntun ƙanƙara biyu wurin mai sayar da kifi. Ɗaya ya jefa a kofin ruwa ya yi alama da farce inda ruwan ya tsaya. Ɗaya ya ɗora a kan faranti ya karkata shi bisa kwano. Muka ci gaba da hira. Da suka narke, ruwan kofi yana nan kan alamarsa, kwano kuwa da yake busasshe ya tara ruwa. Ya ce ƙanƙarar da ke yawo cikin teku ba ita ce abin tsoro ba, ta riga ta ci wurinta. Abin tsoro ita ce wadda ke kwance a kan duwatsu da manyan ƙasashen sanyi tun kafin kakanninmu. In zafi ya taɓa ta gangarowa take yi, kuma duk inda ta gangaro nan za ta iso, domin tekun duniya ɗaya ce.

Na ce to me ke ɗumama duniyar? Ya ce hayaƙi. Man fetur, kwal, iskar da ake ƙonawa a bakin rijiyoyin mai, dazuzzukan da ake sarewa ana cinna wa wuta. Hayaƙin ba ɓacewa yake yi ba, taruwa yake a sama ya zama kamar bargo, zafin rana ya shigo ya kasa fita duka. Ya ce su kansu masanan suna gardama a kan saurin abin, shi dai abin da sanda ta nuna masa ya sani. Hawan kaɗan ne, kamar ƙwayar gero a shekara. Na ce ƙwayar gero ce za ta ci gari? Ya ce, "Ƙasar nan shimfiɗe take kamar faifai, kuma yashi ce. Sannan geron bana a kan na bara yake hawa, ba ya sauka."

Tsohon mai gaskiya ne. Ya ce kada in ɗora wa hayaƙi laifin duka. An datse manyan koguna, yashin da suke kawowa gaɓa ya ragu. An gina katangar tashar jirage ta tare wanda ke biyo gefen teku. Masu gini kuma suna kwasar na bakin ruwa mota-mota suna buga bulo. "Abubuwa ne suka haɗu, ɗan malam. Amma ba ko ɗaya a cikinsu da ke jiran rani."

Na tuna tankokin man da muka yi ta wucewa ni da Mamman muna murna, na tuna jan babur ɗina. Ban ce babur ɗina ya tone kabarin ubana ba, ban kai nan da hauka ba. Amma tun ranar ban ƙara ganin hayaƙinsa kamar da ba.

Da za mu tashi Baba Sidi ya ce, cikin taushin murya don kada ya kunyata ni, ai liman ɗinsu ya duba tun farko, malaman fiƙihu sun yarda a ɗauke mamaci in ana tsoron teku za ta ci kabarinsa. Na sunkuyar da kai. Na san wurin. Yana cikin littattafan Malam, na karanta shi, na ma biya wa ɗalibai, na wuce shi kamar hukuncin mutanen wata duniya da ba zan taɓa haɗuwa da su ba.

Na nemi gafarar Sanda kafin in taho. Ya ce ba komai, Allah ya riga ya rubuta. Ya sayo mini takalmin roba, Hajara ta ɗaure wa Inna busasshen kifi da kwakwa huɗu. Ya riƙe hannuna a tasha ya ce, "Kai za ka gaya mata." Na ce ni zan gaya mata.

Dawowa ba ni da abin ba ku labari. Na bi hanyar da na bi, na ci abin da aka ba ni, ban mayar wa kowa tuwo ba. Tun daga Ilori nake shirya ƙarya. Tsohuwa ce, me gaskiyar za ta ƙara mata? Zan ce akwai inuwa, itatuwan kwakwa ne a wurin, iska na kaɗawa. Ai da akwai su. Na maimaita ta a raina har ta zauna daram, na hau babur daga Tambuwal zuwa Kebbe ina ƙara gyara ta.

Na tarar da Inna a tsakar gida da hantsi, ta baza littattafan Malam a tabarma. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye kifi da kwakwa, na ce Sanda lafiya lau, matarsa mutuniyar kirki ce. Ta yi hamdala. Sannan ta ce, "To, akwai inuwa?"

Na ce, "Inna, wurin akwai itatuwan kwakwa..."

Ta ɗago ta kalle ni. Ta jawo wani littafi ta buɗe shi ba tare da ta nema ba, ta zaro takardar Sanda.

Ta ce, "Tun ranin da taz zo na gan ta, ina shanya. Sau ukku na karanta. Raina ya ce a ɗauke shi, a ɗauke shi tun da wuri. Na yi kwana da kwanaki ina son in yi maka magana. Sai na ce Isa ya yi karatu, ya san abin da ban sani ba. Tunda ya yi shiru, ba komi."



Sannan ta ce, "Teku ta kai gare shi?"

Na ce, "Ta kai, Inna."

Ta yi salati a hankali, ta yi wa Malam addu'a, ta shafa. Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ninke takardar yadda take, na ɗauka za ta mayar cikin littafi. Sai ta miƙo mini ta ce, "Riƙe abinka. Kai anka aiko wa."

Tana aljihuna yanzu haka. Ku kuma da kuke tambaya ko ana ganin wancan gefen, ba a gani. Ni ban ma duba can ba. Kututture na uku na tsaya ina kallo har ruwa ya dawo ya rufe shi.